Kayan aikin makanike: inda na araha ya wadatar da inda bai wadatar ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu tofa albarkacin bakinmu a kan gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gareji-gareji da rumfunan masu sayar da kayan aiki, tun daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna. Wasu na cewa sifana da soket na araha irin su Ingco, Total da Tolsen sun isa a riƙe gareji da su. Wasu kuma na cewa duk makaniken da bai riƙe Snap-on na Amurka, ko Facom na Faransa, ko Gedore da Hazet da Stahlwille na Jamus ba, wasa yake yi. A ganinmu ba a cika akwatin kayan aiki da suna ɗaya. Kowane ƙarfe ana duba aikin da zai yi ne, da kuma abin da zai lalace ranar da ya ci amana.

Ya kamata a fara sanin abin da ake biya idan an sayi mai tsada. Kamfanin Snap-on, wanda aka kafa a 1920, ba a kanti ya fi sayar da kayansa a Amurka ba. Dillalansa ne ke zagaya gareji-gareji da mota duk mako, su ba makanike kaya bashi yana biya kaɗan-kaɗan, su kuma karɓi abin da ya karye su musanya masa. Wani kaso na kuɗin sifanar, kuɗin wannan hidimar ne. Motar nan kuwa ba ta zuwa Kano. Wanda ya biya ninki goma a nan ya sami ƙarfe mai kyau, ba shakka, amma ya biya har da hidimar da ba za ta taɓa iso shi ba.

Tazarar da ke tsakanin kayan ma ta ragu. A da, bakin soket mai kama noti a gefe maimakon a kusurwa, wanda Snap-on ya fito da shi a shekarun 1960 da sunan Flank Drive, nasu ne su kaɗai. Wa'adin mallakar wannan fasaha ya ƙare tuntuni, yanzu har soket na araha ana yi masa irin wannan baki. Sannan akwai kayan Taiwan irin su King Tony, Toptul da Force, waɗanda suke tsaka-tsaki a farashi, kuma su ne abin da makanike mai aiki kullum ya fi cin riba da su.

Rubutun "Cr-V" da ake bugawa a jikin sifana ba shaida ba ce. Yana nufin ƙarfen yana da gamin kurom da banadiyam, amma buga haruffa ba ya cin kuɗi, kuma ko gamin gaskiya ne, yadda aka gasa ƙarfen a wuta shi ne magana. Idan bai gasu ba, bakin sifana zai buɗe a kan noti mai tauri. Idan ya gasu ya wuce kima, zai ɓalle lokaci guda, hannun mai aiki ya tafi ya daki injin. Abin da za a iya aunawa a gaban mai shago shi ne faɗin baki. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 691 ta yarda bakin sifana mai lamba 10 ya kasance tsakanin milimita 10.04 da 10.19, mai lamba 13 tsakanin 13.04 da 13.24, mai lamba 17 tsakanin 17.05 da 17.30. A tafi kasuwa da kalifa, wato ma'aunin faɗi da kauri, ko kuma da sabbin notina masu kyau na 10, 12, 14 da 17. A sa sifanar a girgiza. Idan tana rawa tun tana sabuwa, a ajiye masa abinsa. Rawar nan ita ce ke sa ƙarfin hannu ya taru a kusurwar noti maimakon gefensa, sai kan noti ya mulmule, aikin minti biyu ya koma na walda da guduma.

Da yawa daga notinan da ake ɗora wa kayan araha laifin mulmule su, laifin lamba ne. Da yawa daga kayan gwanjo da ke zuwa daga Amurka na inci ne. Sifana mai 9/16 milimita 14.29 ce, za ta shiga notin 14 amma da rawa. Mai 3/4 kuwa 19.05 ce, ta zauna daidai a kan 19. Haka kuma motocin Japan sun fi amfani da 8, 10, 12, 14, 17 da 19, na Turai kuma 10, 13, 16, 17 da 18 tare da masu kan tauraro. Wasu saitin araha sukan tsallake 16 da 18, sai yaron gareji ya ɗauki 17 ya ɗora a kan 16. A ƙirga lambobin saiti kafin a biya.

Inda muke ganin na araha ya wadatar, in dai ya ci wancan gwajin: guduma, sifanar zobe ta aikin yau da kullum, sandunan ƙara wa soket tsawo, filaya ta kama abu, da soket mai kusurwa 6. Muna jaddada kusurwa 6 ɗin, domin mai 12 ya fi saurin zamewa a kan noti mai tsatsa. Akwai kuma maganar ɓata. Lamba 10 da 12 ba sa tsufa a garejin da ke da yara masu koyo, ƙasa ce ke cinye su ko su tafi a cikin bonet ɗin kwastoma. Ba hikima ba ce a sayi mai tsada a wannan lamba. A sayi uku-uku na matsakaici.

Racit, wato hannun da ake juya soket da shi ba tare da an cire shi daga kan noti ba, shi ne inda aka fi zaluntar kayan araha. Mai haƙora 72 yana buƙatar juyin digiri 5 kawai kafin ya kama, mai 36 digiri 10, mai 24 digiri 15. Shi ya sa mai haƙora da yawa ke da daɗi a lungun injin. To amma ba a yi racit don ɓalle noti mai tauri ba, balle a zura masa bututu. Mutum mai nauyin kilo 70 idan ya hau bututu mai tsawon mita ɗaya, ya ɗora wa ƙarfen kusan Nm 690 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa). Ba racit mai rabin inci da aka yi don wannan, ko na wane kamfani ne. A sayi doguwar sanda mai kan lanƙwasa, mai tsawon santimita 60, a ɓalle noti da ita, sannan racit ya ƙarasa. A riƙa buɗe kan racit ana wanke ƙurar da ta shiga, musamman a lokacin hunturu, a sa mai mara kauri. Giris mai kauri yana hana ɗan harshen ciki zama sosai a kan haƙora, sai ya riƙa tsallake.

Akwai kuma inda araha ba ta ado. Na farko shi ne notin bututun birki. Ƙarfensa mai laushi ne, kuma ba a iya sa masa soket saboda bututun da ya ratsa ta cikinsa. Sifana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa. Akwai sifanar da aka yi dominsa, zobe ce mai 'yar tsaga, lamba 10 a yawancin motocin Japan, 11 a yawancin na Turai. Ta araha takan buɗe a daidai tsagar nan, ta mulmule notin, daga nan sai canjin bututu gaba ɗaya. Guda biyu kawai ake buƙata, a sayi masu kyau. Haka alanki da masu kan tauraro irin T30 da T40 na motocin Volkswagen da Peugeot: na banza yakan murɗe ko ya karye a cikin ramin noti, kuma fitar da guntun ya fi aikin asali wuya. A share ramin da tsinke kafin a sa, a buga kan a hankali ya zauna har ƙasa.

Sukundireba ma akwai abin lura. Sukurori da yawa a motoci da baburan Japan, musamman tsofaffi, an yi su ne a kan ƙa'idar JIS ta Japan, wasu da ɗan ɗigo a kansu. Sukundireban Phillips na gama-gari ba ya zama har ƙasan raminsu, sai ya riƙa fita yana cin kan. Wanda ke aikin kafireto ko sukurorin faifan birki na Honda ya nemi mai bakin JIS, irin na kamfanin Vessel, da kuma wanda ake duka da guduma yana juyawa.

Babban abin da ya sa muka rubuto wannan wasiƙa shi ne sifanar awon ɗauri, wadda ke yin ƙara "ƙas" idan noti ya kai ƙarfin da aka saita. Gareji nawa ne ke da ita? Notin tayar Corolla Nm 103 yake so, na Accord da Civic 108. Notin zubar da baƙin mai na Corolla bai kai 40 ba. Amma sai ka ga mai faci ya hau wil sifana da ƙafa biyu. Sakamakon shi ne ƙusar taya ta miƙe, ta tsinke a kan hanya, ko faifan birki ya karkace sitiyari ya riƙa rawa idan an taka. A injin 1ZZ-FE na Corolla, notinan tof silinda ana ɗaure su ne bi da bi a tsarin da littafin kamfani ya nuna, har Nm 49, sannan a ƙara wa kowanne juyin digiri 90. Wanda ya yi da ƙiyasin hannu shi ne motar ke dawo masa bayan wata biyu, ruwa ya haɗu da baƙin mai, a ce gasket ɗin ne jabu.

A nan ma ba suna muke cewa a saya ba. Ƙa'idar ISO 6789 ta ba irin wannan sifana damar kuskuren kashi 4 cikin 100, sama ko ƙasa, kuma ta ce a sake auna ta duk wata 12 ko bayan ɗauri 5,000. Akwai na araha da ke cika wannan sharaɗi suna sababbi, akwai masu tsada na gwanjo da suka daɗe da kaucewa. Gwajin ba shi da wuya. A matse kan sifanar a bais, wato matsin da ke kan benci, hannunta a miƙe a kwance. A auna daga tsakiyar kan zuwa tsakiyar mariƙi. A rataya nauyin da aka auna a sikeli a daidai wurin. Lissafin shi ne nauyi a kilo, sau 9.81, sau tsawo a mita. Kilo 20 a kan santimita 40 ya ba da kusan Nm 78. Idan an saita ta a 74 ya kamata ta yi ƙara, idan an saita a 84 bai kamata ta yi ba. A saki nauyin a hankali, kada a sake shi ya faɗa. Bayan aiki a mayar da ita lambarta ta ƙasa, don sifirin ɗin ciki ya huta. Kada a kwance noti da ita, kada kuma a yi amfani da ita ƙasa da kashi 20 cikin 100 na iyakarta. Mai kai wa Nm 200 ba ta filogi ba ce.

Sai abin da ya shafi rai. Jak ɗagawa kawai yake yi, ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa. Ƙafafun tokare mota ake sawa, a kan ƙasa mai tauri ko faffaɗan katako, ba bulo ba, domin bulo yakan farfashe ba tare da gargaɗi ba. Su ma ƙafafun sai an duba. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye ƙafafun tokare na tambarin Pittsburgh, masu tan 3 da tan 6, sama da miliyan ɗaya da rabi, saboda harshen da ke riƙe haƙora ba ya shiga sosai, yana iya zamewa mota ta faɗo. A can akwai hukumar da ta sa ido, akwai hanyar sanar da masu saye. A nan, wanda irin wannan kaya ya shigo hannunsa ta gwanjo ba mai gaya masa. A duba waldar ƙafafun, a duba zurfin shigar harshen, a fi son mai ƙusar kulle ta biyu. Haka abin matse sifirin ɗin shokozoba: siririn zare da ƙugiya mara kulle ba abin sa fuska kusa ba ne. Kuma kada a sa soket mai ƙyalli a kan bindigar iska ko ta batir. Nata baƙi ne, mai kaurin jiki, galibi na gamin Cr-Mo, wato kurom da molibdenam, an gasa shi yadda zai jure duka. Mai ƙyallin tsagewa yake yi, ɓarɓashinsa ya nufi ido.

Abokin gabar makanike na gaskiya ba Ingco ko Tolsen ba ne, su dai an san su, ana iya komawa wurin dila. Jabu ne, wanda aka buga wa "Germany" ko sunan wani babban kamfani. Alamunsa: rubutu mara zurfi ko karkatacce, kurom mai ɓarewa kamar ɓawo, zoben da bai zauna a tsakiya ba, da farashin da bai yi kama da sunan ba. Sifana ta gaskiya ta Jamus galibi tana da lambar samfur da ta DIN, ƙa'idar ƙasar Jamus, misali DIN 3113 a kan mai zobe da baki. Gwanjo na gaskiya abin saye ne, amma a auna bakinsa shi ma, don shekara ashirin na aiki tana buɗe baki ko na wane ne.

Muna kira ga SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, da ta sa ƙafafun tokare mota, jak da abin matse sifirin a cikin kayan da take matsa wa lamba a tashoshin shigo da kaya da kasuwanni. Ƙungiyar makanikai ta NATA kuma, kowane reshe zai iya tanadar bais, sikeli da ma'aunin nauyi a ofishinsa, a sa rana ɗaya a wata da membobi za su kawo sifanar awon ɗaurinsu a gwada, a rubuta kwanan wata a manna a jikinta. Dilolin kayan aiki su ma su riƙa sayar da soket ɗaiɗai da kayan gyaran kan racit, maimakon tilasta wa mutum sayen saiti guda saboda lamba 10 ɗaya da ta ɓata.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga wasu makanikai da masu sayar da kayan aiki,
Kano.