Godiya ga masu gyaran salansa na Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum jama'a. Yau dai ba ƙorafi na zo yi ba kamar yadda na saba, godiya ce, tunda Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici. Wasiƙar nan ta garejin masu gyaran salansa ce da ke Ƙofar Ruwa a Kano, can ciki bayan an wuce 'yan kayan gyara, wanda wani dattijo ke riƙe da shi tare da yaransa. Ko allon suna babu a ƙofar, sai tsofaffin tukwanen salansa jingine da bango da tukunyar walda a gefe. Baba, na san ba ku hawa intanet, amma yaranku za su karanta muku.

Motata tsohuwar Marsandi ce V-boot, 300E ƙirar 1989, mai fulogi shida. Ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, ta Kwatano aka shigo masa da ita, da aka zo rabon gado kowa ya ce ba ya so saboda shan mai, ni na ce a bar min. Duk wanda ya san injin nan mai lita 3 da silinda shida a jere ya san yana da murya, sai dai Jamusawa sun danne ta da tukwane tunda motar manya ce, ba a son a ji zuwanta. Ni kuma ɗan gurnani nake so mai kauri, irin wanda za ka ji shi a ƙirjinka in an tayar da ita, ba ihu ba.

To wannan ɗan burin nawa shi ya ja min wahalar kusan wata biyar. Mai gyaran farko da na kai wa ko gama bayani bai bari na yi ba, yace ai ya gane, in je in dawo da la'asar. Ina dawowa na tarar ya yanke tukunyar tsakiya da ta baya gaba ɗaya ya jona wani ƙaton bututu mai inci 3, wai shi ne na 'yan tsere. Wallahi da na murza makulli sai da yaran makwabta suka fito kallo, ƙara kamar injin markaɗe, ga wani kaifi kamar ana yaga kwano. Motar kuma ta yi nauyi wajen tashi, sai ka taka ka taka kafin ta motsa. Ni da nake fita da asuba, gidanmu kuma jikin masallaci, sai tura ta muke ni da ƙanena har bakin layi kafin in tayar, don kunya. Na biyu ya mayar min da wata tukunyar gwangwan ya huhhuda ta da ƙusa, ya karɓi kuɗin sabuwa. Na uku motar ta kwana biyu a wajensa, ya yi waldar da ta yi kama da kashin kaji, kuma tun daga ranar in na hau hanyar Zariya na kai gudun 100 sai wani gunji ya cika cikin motar, kafin Kwanar Dangora kaina ya fara sarawa, idona na yaji. Na ɗauka ƙarar ce kawai ke sa ni ciwon kai.

Wani abokina direban Golf ne ya ce in gwada wajen Baba, na je ne ba don na yarda ba, don dai kar ya ce na raina shawararsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki, dattijon nan bai tambaye ni nawa na zo da shi ba. Benci ya sa aka jawo min, yace "ɗana, wace irin murya kake so ta yi?" Tunda na fara yawon nan babu wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Na kwatanta masa da baki har yaransa suna dariya, ya gyaɗa kai yace ƙara daban, murya daban. Sai ya sa aka tayar da motar, ya ɗauki tsumma ya toshe bakin salansar ta baya, ya kwanta a ƙasa a kan kwali da shekarunsa, yana bin bututun da tafin hannu ba tare da ya taɓa ba. Can yace in sunkuyo. Daidai ƙarƙashin kujerar direba waldar nan ta buɗe, iska na fita tsss, gurin yayi baƙi ƙirin da kunkunniya. Yace wannan shi ne ciwon kanka, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari, irinta ce ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. Jikina ya yi sanyi, don da iyalina nake wannan tafiyar, gilas a rufe.

Bai tsaya nan ba, ya ƙwanƙwasa tukunyar gaba da sifana, ta yi ƙarar fanko. Yace "an riga ka, indomin babu." Ga wanda bai sani ba, indomi shi ne wannan abin mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da ke tace hayaƙi, akwai ƙarafa masu tsada a jikinsa irin su filatinam, shi ya sa ake fasa tukunyar a kwashe a sayar a mayar da walda, mai mota bai sani ba. Baba bai zagi kowa ba, bai ma tambaye ni wa ya yi ba. Ni ma na bar su da Allah.

Sannan ya zauna ya yi min bayani kamar malami da ɗalibi. Tukunyar tsakiya ita ke kashe kaifin nan da gunjin kan babbar hanya, don haka dole ta koma. Ta baya kuma ta kamfani ɗakuna ne a cikinta hayaƙi ke zagayawa, shi ya sa take shiru, in ana son kauri sai a sa wadda bututu ya ratsa ta kai tsaye, mai ramuka a jiki, an naɗe shi da audugar gilas. Bututu kuma in ya yi faɗi da yawa hayaƙi sai ya rasa gudu, motar ta rasa ƙarfin tashi, don haka ya sauko da shi zuwa inci 2 da rabi. Yace in ƙarar tayar da unguwa nake nema in tafi wani gurin, shi ba ya yin wannan.

Aikin kansa yini ɗaya ne. Abin da ya faɗa tun farko shi ya karɓa, ko ƙwandala bai ƙara ba, ya kuma sa aka zuba min tsofaffin ƙarafana a but. Da aka gama ya shiga gaba muka hau titin Katsina har wajen Dawanau, yana cewa taka, saki, taka, kunnensa a karkace. Ina sakin totur ta yi wani gurnani a hankali, sai na tuna mahaifina, ban san lokacin da na ce Allahu akbar ba.

Abin da ke ci min rai shi ne me ya sa abu irin wannan ya zama abin mamaki a garin nan? Mutum ya saurare ka, ya faɗa maka gaskiya, ya ba ka tsohon kayanka, har sai ka zauna ka rubuta wasiƙa. Ka je gareji tun ba a buɗe bonet ba an ce kawo kuɗin kaya, ka bar mota da rabin tanki ka dawo allura na kwance yara sun je yawo da ita, kuma babu mai buɗe baki yace ban iya ba, kowa gwani ne har sai ya lalata maka abu. Ba kanikawa kaɗai ba, haka telan sallah, haka mai gyaran waya, haka mai wayarin gida, kai ko magana za ka yi sai a ce ka cika mita.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa yaranku albarka, musamman ƙaramin nan da ya sayo min ruwa ya ƙi karɓar canji. Ranar Asabar in sha Allahu zan shigo a duba robobin ratayen kamar yadda kuka ce, kuma zan taho da wani abokina mai Marsandi 190, shi ma tasa an yanke mata tukunya.

Ɗanku,
Mai tsohuwar V-boot, Kano