A Buɗe wa Matasa Masu Zane Ƙofar Ɗakin Bugu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata sana'ar hannu da ba kasafai ake ambatonta a jaridunmu ba, wato yanka takarda a fitar da zane, sannan a buga shi da tawada.

Akwai 'yar maƙwabcina a nan Zariya wadda ta gama sakandare, kuma tun bara ta duƙufa kan wannan aiki da reza, kwali, soso da tawadar masu buga riguna. Na zauna na kalli yadda take yanka Dagin Arewa a jikin kwali, tana barin 'yan siraran gadoji tsakanin layukan da suka sarƙe, domin idan ta yanke su duka tsakiyar zanen za ta faɗo, aikin yini guda ya tashi a banza. Daga baya ta koma sassaƙa roba mai kauri kamar ta masu hatimi, ta shafa tawada, ta ɗora takarda, ta goge bayanta da cokali har zanen ya kama. Ranar farko sunanta ya fito a juye, a nan ta gane cewa abin da ake so ya fito dama sai an sassaƙa shi hagu.

Abin da ya dame ni shi ne yadda manya a gidansu suke kallon takardun da suka lalace a matsayin ɓarnar kuɗi, alhali kuwa a cikinsu ne take koyon aikin. Garin nan ma shaida ne. Bruce Onobrakpeya, fitaccen mai zane da bugu ɗan Najeriya, wanda aka haifa a 1932, ya yi karatun zane a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma yana cikin ɗaliban ƙungiyar masu zane da aka kafa a 1958 tare da su Uche Okeke, Demas Nwoko da Yusuf Grillo. A 1967 ruwan asid ya cinye masa wani farantin tutiya da yake shiryawa don bugu, sai ya cike ramukan da gam mai ƙarfi maimakon ya jefar, kuma daga wannan gyara ya samo salon bugu mai tudu da kwari da ya yi suna da shi. Tun 1998 yake tara masu koyo a taron horaswa na Harmattan a garinsu Agbarha-Otor da ke jihar Delta.

Ita kuwa yarinyar nan, duk da zanen zayyana da na bangon gidajenmu na ƙasa da take ɗauko wa fasali, ba ta taɓa ɗora hannu a kan injin matse bugu ba, cokalin nan ne kawai. Ina kira ga sassan koyar da zane na jami'o'i da kwalejojin ilimi da su ware 'yan kwanaki a lokacin hutu su bar irin waɗannan matasa su shiga ɗakin bugu ƙarƙashin kulawar malami, ko da za a biya kuɗin tawada da takarda. Ku kuma ina roƙon ku riƙa buga aikin sabon mai zane guda ɗaya a shafinku na adabi da al'adu, tare da bayaninsa kan yadda ya yi shi.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya