Cin abinci a teburin Turawa ba dole sai da hannun hagu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini saboda 'yan uwanmu na Agege, Idi-Araba da Obalende waɗanda kasuwanci ko aikin ofis ke kai su liyafa a manyan otal-otal na Ikeja da Victoria Island. Da yawa kan tashi da yunwarsu, wasu don gudun abin kunya, wasu don an gaya musu wai sai da hagu ake kai loma. To, ba haka zancen yake ba.

Riƙon kayan ci iri biyu ne. A salon Turai, cokali mai yatsu na hagu, wuƙa na dama, har a gama. A salon Amurka kuwa, za ka yanki nama yanka ɗaya ko biyu, ka kwantar da wuƙar a gefen faranti ta sama, kaifinta na duban ciki, ka mayar da cokali mai yatsun hannun dama, sannan ka kai baki da bismillarka. Ba wanda zai ce maka baƙauye. Abin gudu shi ne yayyanka naman gaba ɗaya kamar za a ba yaro, don nan da nan zai huce, romonsa ya tsiyaye.

Tarin cokulan nan ba abin tsoro ba ne. An jera su ne bisa yadda abinci zai riƙa zuwa, sai ka fara da na can waje kana matsowa wajen faranti. Waɗanda ke kwance a gaban faranti na kayan zaƙi ne, sai ƙarshe. Ƙaramin farantin burodi na hagunka, kofunan sha na damanka. A teburin mutum 8 ko 10, da mutum ɗaya ya ɗauki burodin maƙwabcinsa, sai kowa ya bi sahu, na ƙarshe ya rasa. Burodin ma da hannu ake gutsura, a shafa bota a kan lomar da za a ci kaɗai.

Ga inda aka fi yin asara. Yadda ka ajiye wuƙa da cokali mai yatsu saƙo ne ga mai hidima. In ka haɗa su wuri ɗaya, ƙotocinsu na wajen ƙarfe 4 na agogo, ka ce ka gama ke nan, zai ɗauke farantin ko da rabin kazarka na ciki. In hutawa kake, ka raba su, kawunansu na fuskantar juna a tsakiya. Cokalin da ya taɓa abinci ba ya komawa kan mayafin tebur. Adiko kuwa a cinya yake zama. In za ka fita salla ka bar shi a kan kujera, alamar za ka dawo.

Game da giya, kada ka kifar da kofi. Da mai zubawa ya matso, ka ɗan ɗaga hannu ka ce ruwa ko lemo kake so, kuma da shi za ka ɗaga in an zo taya murna. Ka lura da sunayen da naman alade ke ɓuya a bayansu a takardar abinci: ham, bacon, prosciutto, pancetta. Ka tambaya ko an dafa miyar nama da giya, musamman girkin Faransa da Italiya.

Kowane gida da tsarinsa. A Japan da Sin ba a soka tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, saboda yana kama da abin da ake yi wa mamaci. A Tailan cokali ne ke zuwa baki, da hannun dama, mai yatsun tura masa abinci kawai yake yi. Su kansu mutanen Ingila sun yi wa wani matafiyi ɗan ƙasarsu, Thomas Coryat, ba'a lokacin da ya kawo labarin cokali mai yatsu daga Italiya a 1611. A nan Legas, in aka kawo amala ko sakwara, ko a babban otal ne, ka nemi ruwan wanke hannu ka ci da damanka. Haka ma ɗan kwanon ruwa mai yankan lemon tsami da ake ajiyewa bayan an ci jatan lande ko kaguwa: na tsoma yatsu ne, ba na sha ba.

Wassalam.

Daga wasu masu koyar da aikin hidimar otal, Agege, Legas.