Wasiƙa daga Kumasi zuwa ga Yaya

Kumasi, 15 ga Janairu, 2023

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da iyalinka da su Auta. Ni ma lafiya lau, sai godiyar Allah.

Maganar canjin kuɗi ce ta hana ni barci. Mun ji ranar 31 ga watan nan tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1000 za su daina aiki, kuma ka san gwangwanin nan na Inna da ke ƙarƙashin gado. Duk abin da nake aikowa, rabinsa can yake shigewa. Don Allah ka lallaɓa ta ta fito da shi, ka kai banki da kanka. Kada ka aiki yaro.

Na san za ka ga aiken wannan karon bai kai na da ba. Na kuma ji wai ana cewa na samu duniya na manta gida. Wallahi maganar ta yi mini ciwo. Shekara shida ina tsaye a bakin tukuba a Aboabo, ban taɓa bari Inna ta roƙi kowa ba.

Ga abin da ake ciki. Sidi, kuɗin nan Ghana, ya faɗi warwas a bara, gwamnati da kanta ta ce a watan Disamba tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari. Kowa ya tsorata ya tsuke bakin aljihu, wai a yi tanadi. Mai sayen tsinke biyar ya koma biyu. Da ciniki ya ja baya sai na rage naman da nake ɗauka a kwata, mahaucin ya rage yanka, mai kawo shanu daga arewa ya koma da saura. Shi kuma mahaucin ya daina kai ɗinki, telan da ke cin tsirena kullum dare ban ƙara ganinsa ba. Ashe kuɗin da wani ya ƙi kashewa shi ne cinikin da wani ya rasa. Mai susu, irin adashinmu ke nan sai dai shi kullum yake zagayawa, ya ce mini kusan duk layinmu an rage zubi. Kowa na son ya ƙara ajiya, ga shi abin da muka tara gaba ɗaya bai kai na bara ba. Ni da nake zuba sidi 50, yanzu 20 ma da ƙyar. Amma ba komai, ina ci ina sha, kada ka gaya wa Inna wannan.

Shi ya sa ban yarda da shawarar da aka ce ka yanke ba, ta karɓe jarin Auta a adana. Kuɗin da ke kwance tsada ce ke cinye shi. Ka bar masa teburinsa ya ci gaba da juyawa. Cikin na gwangwanin ma, a saya wa Inna awaki biyu da buhun gero tun bai tashi ba, sauran ya zauna a banki saboda asibiti. Adashin matata kuma kada a fasa, zan riƙa cikawa.

Ina kewar furar Inna ƙwarai. Nan sai koko da ƙosai, su ma ba irin na gida ba.

Yaya, gwangwanin nan dai, kafin 31 ga wata. Ka kira ni ranar da ka kai.

Ƙaninka.