Neman Shawara: Karatun Kasuwanci a Kwaleji ko Zaman Shagon Kawu?

Assalamu alaikum Malam. Ina yi muku fatan alheri tare da dukan ma'aikatan wannan shiri, wanda nake saurare ta intanet duk mako daga nan unguwar Bronx ta birnin New York.

Ni saurayi ne ɗan asalin Maraɗi, kuma ƙanen mahaifiyata ne ya ɗauki nauyin zuwana Amurka, ya zaunar da ni a gidansa har na samu takardar zama ta dindindin. Tun isowata ina tsare masa shagonsa, inda muke sayar da atamfa da shadda da leshi da turare, mafi yawan masu cinikinmu kuwa mutanen Nijar ne da na zangunan Gana da sauran 'yan Afirka ta Yamma.

Abin da ya kawo ni gare ku shi ne, ina son in shiga ɗaya daga cikin kwalejojin shekara biyu na jami'ar birnin, wato CUNY, domin in karanci tafiyar da ƙaramin kasuwanci da kafa sana'a. Kwalejin BMCC da ke Manhattan tana da kwas a kan wannan fanni, wanda ya ƙunshi lissafin kuɗin shiga da fita, dokokin kasuwanci, tallata haja da rubuta tsarin sana'a, kuma ana kammala shi da kiredit kusan 60, wato makin da ake tarawa daga darussan da aka ci. Kuɗin makaranta ga mazaunin birnin da ke karatu cikakken lokaci dala 4,800 ne a shekara, sannan mai takarda irin tawa yana iya neman tallafin gwamnatin tarayya na Pell da na jiha mai suna TAP, waɗanda ba bashi ba ne balle a yi maganar riba. Saboda haka kuɗi ba su ne damuwata ba.

Damuwata Kawu ne. Da na kawo masa maganar, sai ya ce kasuwanci a bakin kanta ake koyonsa, shi bai taɓa zama a aji ba amma ya gina gidaje a Maraɗi, ya kai iyayenmu Makka. Ba zan musa masa ba, domin yadda yake karanta fuskar mai saye, ya san wadda za a ba bashi da wadda ba za a ba ba, babu malamin da zai koyar da shi a kan allo. Sai dai ni da nake riƙe da aljihun tebur ina ganin inda abin yake yoyo. Kuɗin shago da na cefanen gida a wuri ɗaya suke, bashin da muke bin mutane yana cikin kan Kawu kawai, kuma duk wata uku idan lokacin biyan harajin ciniki ya zo sai mu kwashi tarin rasit mu kai wa akawu, ya caje mu yadda ya ga dama. A birnin nan harajin ciniki kashi 8.875 cikin ɗari ne, amma tufafin da kuɗinsu bai kai dala 110 ba an yafe musu shi, turare kuwa ba a yafe masa ba, kuma irin wannan bambanci ne ke jawo tara idan aka cakuɗa su.

Akwai kuma zaɓi biyu da suka ɗaure mini kai. Kwas ɗin ƙaramin kasuwanci an tsara shi ne domin mutum ya fita ya kama aiki nan take, kuma ba lallai ne dukan darussansa su shiga lissafi ba idan na so ci gaba zuwa digiri a kwaleji irin Baruch, alhali kwas ɗin gudanar da kasuwanci na gama-gari ya fi sauƙin wucewa can. Haka nan shirin ASAP, mai taimaka wa ɗalibai da kuɗin littattafai da na jirgin ƙasa, yana buƙatar karatu cikakken lokaci, wanda ke nufin zan bar shago rabin yini. Idan kuwa na zaɓi karatun yamma kaɗan-kaɗan, shekara biyu za ta iya komawa huɗu.

Mahaifiyata ta ce kada in kuskura in ɓata wa ƙanenta rai, kuma ni ma ba na so a ce na ci moriyar ganga na ya da kwaurenta. Malam, ta wace hanya zan tunkari Kawu ya gane cewa shagonsa ne zai fara cin amfanin karatun? Shin ya dace in nemi wani dattijo daga masallacinmu ya yi masa magana, ko hakan zai zama kamar na kai ƙararsa? Idan kuma ya dage a kan ƙin amincewa, in haƙura da karatun yamma, ko in yi rajista cikakken lokaci in nemo masa yaron da zai riƙe shago da safe?

Naku mai saurare,
Wani matashi daga Bronx, New York