Wasiƙa Zuwa Ga Ummi a Kan Cin Dare

Assalamu alaikum.

Ummi, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya ba a gama magana da ke. Da na ɗauko zancen sai ki ce "to Mama, na ji," sai kuma wani aiki ya taso miki. Ki ajiye wannan har yara su yi barci, sannan ki karanta ta har ƙarshe.

Gwaggonki ta dawo Agege ran Lahadi daga wurinku a Ajah. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata. Ta ce da safe ba kya karyawa, sai shayi a tsaye. Da dare kuma, bayan kowa ya kwanta, takan ji motsinki a kicin har wajen ƙarfe ɗaya. In gari ya waye ta tarar burodin da aka sayo jiya saura baki, ga kaskon suyar ƙwai, ga robobin lemo a ƙasan kwandon shara an lulluɓe su da leda. Lulluɓewar nan ta fi komai tayar min da hankali. Mai jin yunwa ba ya ɓoye abin da ya ci.

Na san lokacin da abin ya fara, ke ma kin sani. Maganar bayan ƙaramar Sallah na yi alkawarin ba zan sake tayar da ita ba, kuma ba zan tayar ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ni na hore ki a kan riƙe sirrin gidanki. Amma ban ce ki haɗiye baƙin ciki ki bi shi da burodi ba.

Yunwa iri biyu ce, kuma sai kin iya rarrabe su. Yunwar ciki a hankali take zuwa, bayan awa huɗu ko biyar da cin abinci, ciki ya yi ƙugi, ƙarfi ya ragu, kuma duk abin da aka ba ta za ta karɓa. In an ƙoshi ta tafi. Ɗayar kuwa farat ɗaya take faɗo wa mutum, ko da bai daɗe da tashi daga kan kwano ba, kuma tana da zaɓi: zaƙi take so, ko maiƙo, ko abu mai laushi. Ba ta san ƙoshi ba, sai abin ya ƙare, bayanta kuma sai kunya da jin haushin kai. Hanya mafi sauƙi ta gane wacce ce ta zo ita ce ki tambayi kanki: da ɗumamen tuwo da miyar kuka ne kaɗai a gidan nan, zan ci? In amsar a'a ce, to ba cikinki ke kira ba.

Wannan ba raunin imani ba ne, ba kuma kwaɗayi ba ne kawai. Idan damuwa ta daɗe a jikin mutum, sinadarin da likitoci ke kira kotizol yakan zauna a sama, shi kuma yana ƙara sha'awar zaƙi da maiƙo, yana tara kitse a tumbi. Zaƙin yana kwantar da hankali na 'yan mintoci, ƙwaƙwalwa ta riƙe wannan, gobe da rai ya ɓaci ta sake tura ki kicin. Ga rashin barci. Mai fita kafin ƙarfe shida don ta riga cunkoson hanyar Lekki, ta kuma kwanta ƙarfe ɗaya, ba ta samun awa biyar, alhali babba na bukatar aƙalla bakwai. Ƙarancin barci yana ɗaga sinadarin da ke sa jin yunwa, ya rage wanda ke sanar da ƙoshi. Kin ga kenan tun kafin ki shiga mota da asuba an riga an ci rabin ƙarfinki.

Ba ƙibar ce damuwata ba, Ummi. Mutanenmu in sun ga mace ta yi jiki sai su ce hutu ne, miji na kula. Su faɗi abin da suka ga dama. Ni ƙafar kakarki Hajiya nake gani, da yadda ciwon suga ya yi da ita. Kina da wayo lokacin, kin san daga ɗan yatsa aka fara, kin san inda aka tsaya. Kin ga kawunki da allura safe da yamma, da yadda idonsa ya koma. Sunanta kika ci, jininta ke jikinki, kuma wanda ciwon suga ke danginsa na kusa haɗarinsa ya fi na sauran mutane. Ranar sunan nan da kika sunkuya ɗaura wa Nana takalmi, mayafinki ya zame, na ga bayan wuyanki: fatar ta yi duhu, ta yi kauri da laushi a cikin lanƙwasar. Ba dauɗa ba ce, kada ki wahalar da kanki da soso ko man bilicin. Shekarun da na yi ina aikin jinya na ga irinta ba adadi, sau da yawa alama ce cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Tun ranar ban sake barci mai daɗi ba. Ina sallar dare ina ganin keken guragun nan da ke jingine a ɗakin baya, wanda babanku ya hana a bayar.

Abin da ke ƙara min tsoro shi ne ciwon nan yana iya yin shekaru bai nuna kansa ba. Kafin a kai ga yawan ƙishirwa, da tashi fitsari cikin dare, da gani dishi-dishi, da ƙurjin da ba ya warkewa, ya riga ya yi nisa. Don haka kada ki ce min lafiyarki ƙalau. Ki je a auna sugan jininki. Gwajin safe ne, ki kwana awa takwas ba ki ci komai ba, ruwa kaɗai. In ya nuna ƙasa da 100 mg/dL, alhamdulillahi. Daga 100 zuwa 125 kina bakin ƙofa. In ya kai 126 ko ya wuce, aka maimaita wata rana ya sake nuna haka, ciwon ya shigo. Ki ce su haɗa da HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce, kashi 5.7 zuwa 6.4 cikin 100 gargaɗi ne, 6.5 zuwa sama ciwo ne. A auna hawan jini ma. A gida kuma ki ɗauki tef ɗin tela ki zagaya cikinki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan kin fitar da numfashi. Ga mace, daga santimita 80 haɗari ya fara.

Bakin ƙofar nan ana dawowa daga gare shi. A 2002 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutane sama da 3,000 da ke wannan matakin. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo shida kenan da ɗan ɗori. Minti talatin na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, ko a cikin rukunin gidajenku bayan isha'i.

Yanzu bari in faɗa miki wadda ba za ta yi miki daɗi ba. An ce min da Nana ta fara kuka sai ki miƙa mata biskit da lemon kwali. Shekararta huɗu! Kina koya mata cewa maganin ɓacin rai a baki yake, kuma yarinya abin da ta ga uwarta na yi take ɗauka, ko da uwar na zaton kowa ya yi barci. Na kuma ji wai kin ce ni na saba muku da haka. Ummi, ki ji tsoron Allah. Ku bakwai na riƙe a ɗaki biyu, lemo sai ranar Sallah, abinci a kwano ɗaya a kan tabarma, kowa na ganin hannun kowa. In na taɓa ba ki alkaki don ki yi shiru, ban ba ki kullum ba. Ke da iliminki da albashinki, kin fi ƙarfin ki laɓe a bayana. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, ya isa. Ga abin da nake so ki yi, kuma kada ki ɗauke su duka rana ɗaya.

Makonni biyun farko kada ki canza komai a cin abincinki. Ki samu ƙaramin littafi, duk abin da ya shiga bakinki ki rubuta lokaci, da wurin, da ƙarfin yunwar daga 0 zuwa 10, da abin da ya faru kafin nan. Layin ƙarshen nan shi ne mai aiki. Za ki ga abin yana da sawu: bayan wayar wance, ko daren da maigida bai dawo da wuri ba, ko a cikin gosulo da yamma in masu tallan soyayyar agada da lemo mai sanyi suka manna kaya a gilashi. In kin san lokacin da yunwar damuwar nan take zuwa, sai ki tare ta.

Daga nan ki dawo da karin kumallo. Yinin da aka yi da yunwa shi ke haifar da cin dare, don jiki sai ya rama. A ci sau uku a kan lokaci, kowanne da abin da ke riƙe ciki: ƙwai dafaffe biyu, ko alala, ko wake, ko kifi. Ki dafa ƙwan tun da dare in safiya ba ta da fili. A jaka ki riƙa ɗaukar gorar ruwa da gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, a ƙulle daban, da gwaiba ko kokwamba. Kada ki ɗauki kwalbar gyaɗa gaba ɗaya, za ta ƙare kafin ki kai gida. Faranti ya zama madaidaici, rabinsa ganye: alayyahu, ugu, kabeji, kwaɗon zogale ko rama. Kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko wake. Sauran kashin tuwo ko shinkafa, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki. Mai kuma a auna shi da cokali, kada a tuttula daga galan, don babban cokali ɗaya ya kai kalori 120.

Lemo shi nake so ki fara sallama. Juya robar ki karanta: yawancinsu suga kusan giram 10 ne a kowace mililita 100, wato robar 50cl ta kai giram 50, ƙaramin cokali goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason yini, kuma ba ta ƙosarwa. Kada ki gudu daga nan ki faɗa wa maltina da lemon kwali da zoɓon talla, duk tafiyarsu ɗaya. Zuma ma suga ce. Ki dafa zoɓonki da citta da kanumfari ba suga.

Yadda ake ci shi ma rabin magani ne. Ki zuba a faranti, ki mayar da tukunya, ki zauna, ki kifa waya, ki yi bismillah. Tsakanin loma da loma ki sauke hannu. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kamar minti ashirin kafin ya isa ƙwaƙwalwa, mai gamawa cikin minti biyar ya wuce ƙoshinsa bai sani ba. In kin kai rabi ki dakata ki ji cikinki. Kin san hadisin kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Ba a iya aiki da shi a tsaye gaban firji.

Idan sha'awar cin ta taso cikin dare, kada ki ce "ba zan ci ba," wannan kokawa ce da ba kya cin ta. Ki ce "sai bayan minti goma sha biyar." Ki bar kicin, ki sha ruwa, ki yi alwala, ki kira sunan abin da ke damun ki ko da a takarda ne. Sau da yawa kafin lokacin ya cika ta lafa. In ba ta lafa ba, ki yanki burodin yanka ɗaya, ki sa a faranti, ki kunna fitila, ki ci a zaune. Kuma a daina kwana da fanke da cincin a gidan da sunan na yara ne.

Wuraren da mata ke faɗuwa na san su. Wata ta haramta wa kanta komai rana ɗaya, ta yi kwana huɗu, ran na biyar ta ci na mako. Wata ta yi ɓarin dare ɗaya ta ce ai an riga an ɓata, ta saki gaba ɗaya, alhali abin yi shi ne ta karya da safe kamar kullum, ba ta horar da kanta da yunwa ba. Wata ta fake da azumin Litinin da Alhamis don ramuwa, da magariba ta rama har da riba. Azumi ki yi shi don Allah. Shayin rage ƙiba da ake talla a waya kuwa, da yawansu maganin gudawa ne ko na fitsari, ruwan jiki suke zubarwa ba kitse ba, kuma ba ki san abin da aka zuba ba. Sikeli sau ɗaya a mako ya isa. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau.

Akwai inda littafi da faranti ba su isa ba. In kina cin mai yawa a ɗan lokaci har ki ji ba ki iya tsayawa, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, ko kina sa yatsa ki amayar, ko kin yi mako biyu komai ya fita ranki kina kuka ba dalili, wannan na likita ne. Akwai masu wannan fannin a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. Na san abin da mutanenmu ke faɗa in an ambaci Yaba. Ba su za su ɗauki ciwon ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki faɗa wa likita komai yadda yake.

'Yata, faɗan da na yi a sama tsoro ne ya sa. Na san nauyin da kike ɗauke da shi, na kuma san ba ki da kowa a wancan gefen gari. Ki kira ni ko ƙarfe ɗayan dare ne, ai ido biyu nake. Ba sai kin yi bayani ba, ko shiru ne mu yi tare.

Ranar Asabar ƙaninki zai kawo ni, zan taho da acca da busasshen zogale. Ki yi gwajin kafin nan, ki ajiye min takardar in gani da idona. In kuma tsoron zuwa kike ji, kada ki karya kumallo ranar, mu tafi tare. Ki gaishe da maigidan, ki shafa min kan yara. Allah Ya yi miki albarka, Ya yaye miki abin da ke damun ki.

Mahaifiyarki,
daga Agege.