Wasiƙa zuwa Akkara: makaɗin nan namu ya tafi

Kaduna,
13 ga Oktoba, 2019

Aminina Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya fara ɗaukewa, sai zafin kaka da ciwon gwiwa da ya zama ɗan gida.

Na san labari ya riga wasiƙata isowa: Ginger Baker, makaɗin gangar nan ɗan Ingila, ya mutu ranar Lahadi, 6 ga wannan wata, a asibiti a garin Canterbury na Ingila, yana da shekara 80. Da gangan na ƙi kiranka a waya, don na san ina buɗe baki za ka tare ni da zancen John Bonham, makaɗin gangar Led Zeppelin, kamar yadda ka saba tun muna ɗalibai a Zariya. A takarda kuwa dole ka bari in kai aya.

Mutumin ya daɗe fiye da yadda kowa ya zata. Ya shafe shekara kusan ashirin yana fama da hiroyin, taba ta cinye masa huhu, a 2016 kuma aka yi masa aikin zuciya. Jack Bruce, abokin kiɗansa kuma abokin faɗansa, ya riga shi tafiya tun 2014. A cikin mutum ukun nan na ƙungiyarsu ta Cream yanzu Eric Clapton kaɗai ya rage.

Duk inda na duba a makon nan, zancen Cream ake yi, ana kiransa gwarzon makaɗin rok. Ƙungiyar da ba ta wuce shekara biyu da 'yan watanni ba, daga 1966 zuwa ƙarshen 1968! Shi kansa ya tsani a liƙa masa rok, kullum cewa yake shi ɗan jaz ne. A Lewisham ta kudancin Landan aka haife shi a 1939, mahaifinsa ya mutu a yaƙin duniya na biyu yana ɗan shekara huɗu. Wanda ya buɗe masa kunne shi ne Phil Seamen, makaɗin jaz da ya zaunar da shi ya sa masa faya-fayan gangunan Afirka. A wajen wannan malamin kuma ya ɗauko ƙwayar da ta kusa halaka shi.

Ka tuna abin da ya kama mu ranar da muka fara jin kiɗansa na "Toad" a garmaho? Yawancin makaɗan turawa na wancan zamani hannu ɗaya na kan faifan ƙarfe yana ƙirga lokaci, ɗaya na dukan ƙaramar ganga, shi ke nan. Baker kuwa manyan gangunan ƙafa biyu ya ajiye a gabansa, ya riƙa yawo da sanduna a kan gangunan da ke da zurfin murya. Ƙafa na tafiya bibbiyu, hannu na tafiya uku-uku, su rabu su sake haɗuwa ba tare da ɗaya ya taka ɗaya ba. Mu da muka tashi da kiɗan mahauta a kunne ba mu buƙaci bayani ba: kuntuku ya riƙe gindi, kalangu ya yi ta zance a kansa. Shi dai mutum ɗaya ne ke yin aikin duka biyun. Shi ya sa nake cewa kiɗansa bai taɓa yi mini baƙunta ba.

Bonham ɗinka ba na raina shi. Ƙafarsa ta dama ba ta da na biyu, kuma mutuwarsa a 1980 yana da shekara 32 asara ce babba. Baker ya taɓa cewa Bonham yana da hannu amma kiɗansa ba ya sa a rausaya, da lafazin da ba zan iya rubutawa a wasiƙar da Hajiya za ta iya ɗauka ba. Wannan baƙin baki ne kawai. Amma har gobe ina nan kan bakana: naka yana girgiza bango, nawa yana magana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda jaridun waje suka ba zamansa na Najeriya layi biyu suka wuce, alhali a can ne labarin yake da daɗi. Ya san Fela tun a Landan, lokacin Fela yana karatu a Trinity College of Music. A 1971 suka shiga situdiyon Abbey Road tare da Africa 70, ƙungiyar Fela, suka ɗauki faifan da kai ka saye a Sabon Gari ka hana kowa aro. A ƙarshen shekarar ya ɗauki Range Rover ya keto Sahara daga Aljeriya har Najeriya, wani mai shirya fim, Tony Palmer, yana ɗaukar tafiyar. Jirgi na nan, kuɗi na nan, amma ya zaɓi rairayi. Ya zuba dukiyarsa a situdiyon ARC da ke Ikeja, mai na'urar layi 16, wanda aka buɗe a farkon 1973. Ya kafa ƙungiyar Salt da matasan Legas, ciki har da tagwayen nan Lijadu, suka je Munich lokacin wasannin Olamfik na 1972. Wasu samari daga cikinsu ne suka dawo suka kafa ƙungiyar BLO da muka yi ta rawa da ita.

Har Paul McCartney na ƙungiyar Beatles da ya zo Legas a 1973, wanda Fela ya zarga da zuwa satar kiɗan baƙar fata, sai da ya leƙa Ikeja ya yi aikin waƙa ɗaya a can, ko da yake sauran aikin a situdiyon EMI na Apapa ya yi. A waƙar nan Baker, da duk sunansa, gwangwani cike da tsakuwa ya karkaɗa. Duk lokacin da na tuna sai na yi dariya.

To sai dawaki suka shigo. A Najeriya ya koyi ƙwallon dawaki, kuma ka san su wa ke buga ta a lokacin: sarakuna, attajirai da manyan hafsoshin soja, wato mutanen da Fela ke zagi kowane dare a gidan rawarsa na Shrine. Ana cewa wannan ya sanyaya abotarsu. Situdiyon ya durƙushe, ya bar ƙasar hannu rabbana, ya koma noman zaitun a Italiya, daga can Amurka, daga can Afirka ta Kudu, ko'ina dawaki na cinye abin da ganga ta tara. Idan na wuce filin Murtala na ga ana sukuwa, shi nake tunawa.

Ba zan wanke shi ba don ya mutu. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Ya zare wa Jack Bruce wuƙa tun suna ƙungiyar Graham Bond. Yana tsoho tukuf ya fasa hancin wanda ke shirya fim a kan rayuwarsa da sandar dogarawa, kyamara na ɗauka. Ya yi aure huɗu, 'ya'yansa kuma sun sha wuya a hannunsa, har da Kofi da ya gaje shi a ganga. Da maƙwabcina ne, da tuni mun kai ƙara wajen mai unguwa.

Duk da haka akwai wurin da girman kansa ke kwanciya, wato gaban makaɗin da ya san ya isa. Mutumin da ba ya ganin kowa da gashi, idan ya zo gaban Max Roach ko Elvin Jones, manyan makaɗan jaz na Amurka, ko Tony Allen, makaɗin gangar Fela, sai ya zama almajiri. Guy Warren, makaɗin ganga na ƙasar da kake zaune, abokinsa ne, kuma a ƙungiyarsa ta ƙarshe wani Bagane, Abass Dodoo, shi ke zaune a gefensa. Wannan ya sa na zauna ina tunanin mu. Ni da kai, da iyayenmu sun gan mu riƙe da sandar kiɗa, da bulala ta yi aiki, don a wurinsu kiɗa sana'ar roƙo ce. Mun haddace waƙoƙin Shata baiti-baiti, amma in aka ce mu kawo sunayen masu kalangun da suka ɗauke shi shekara da shekaru, sai mu fara sosa ƙeya. Shi kuwa wannan jan Baturen, da duk rashin kunyarsa, ya san sunan makaɗan Legas ɗaya bayan ɗaya, ya kuma san wanda ya fi shi a cikinsu.

Eh, na faɗa, kuma kada ka yi murna da wuri, ba Bonham nake nufi ba. Tony Allen nake nufi. Akwai karon da suka yi su biyu a bikin jaz na Berlin a 1978, minti 16 ba murya ba jita. Ka sa jikanka ya nemo maka a waya, ka sa abin kunne, kada ka saurara a mota. Baker yana zuwa da nauyi yana cika wuri, Allen kuma yana taɓa fata sama-sama kamar ba ya so, amma shi ke riƙe da linzami. Ina son ka saurara ka gaya mini a wane minti ka fara rarrabe hannun wannan da na wancan, don ni da ƙanina mun yi gardama a kai har aka kira magariba.

Faifan 1971 kuwa, in yana nan cikin akwatin da ka tafi da shi, ka duba kada danshin Akkara ya ci bangon. Na ji Hajiya ta ce kuna shirin zuwa bikin 'yar ƙanwarka a Disamba. In Allah ya kawo ku, ka taho da shi, na sa an gyara allurar garmahon.

Ka gaida Hajiya da yara, da Malam limamin unguwarku da ya karɓe ni hannu biyu-biyu wancan zuwan. Mutanen gida duk suna gaishe ka. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa mu cika da imani.

Wassalam,
Naka amini